Wai mene ne faibirinojin da faibirin?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen yankan layya a ƙofar gida ya ga aikinsu da idonsa. Jini na zuba kamar ruwa, amma kafin mahauci ya fara fiɗa har ya daskare ya zama guda kamar hanta.

Faibirinojin wani furotin ne da hanta ke yi, yana yawo a narke cikin jini, wajen giram 2 zuwa 4 a kowace lita, ba ruwansa da kowa. Sai mutum ya yanke, wani sinadari da ake kira turombin ya taɓa shi, nan take ya koma faibirin, wato siraran zare da ke saƙuwa kamar taru su kama ƙwayoyin jini su toshe wurin. In rauni ya warke jiki ya warware saƙar, ɓurɓushinta shi ne Di-daima ɗin nan da likitoci ke rubutawa a takardar gwaji, wanda ya yi suna lokacin korona.

Matsala kenan in saƙar ta yi inda ba rauni. Mutum ya daɗe a kwance bayan tiyata, ko ya naɗe ƙafa a mota tun daga Kano har Legas, gudan jini ya toshe jijiyar ƙafa ta kumbura, in ya ɓalle ya tafi huhu kuwa abin ba kyau wallahi. In a ƙwaƙwalwa gudan jini ya toshe jijiya sai shanyewar ɓarin jiki, in a zuciya ne sai bugun zuciya.

Ni dai ƙarewar faibirinojin a jini ta fi ba ni tsoro. Mai ciki nata yakan ƙaru ya kai giram 4 zuwa 6, tanadi ne na ranar haihuwa, shi ya sa in maijego na zubar da jini aka ga ya sauka ƙasa da 2 hankalin likita ke tashi, asibiti kawai, kar a tsaya jiƙe-jiƙe. Haka dafin kububuwa, cinye faibirinojin yake yi tas, sai ka ga jini na fita ta dasashi alhali saran a ƙafa yake. Gwajin ma ba wuya, a zuba jinin mutum a busasshiyar kwalbar gilashi a ajiye minti 20, in aka karkata ta yana gudana kamar ruwa to dafi ya shiga, maganin dafin maciji za a nemo da gaggawa.