Giyar inabi a Faransa: me tsufa ke yi mata, kuma yaya ake tantance ta?

A watan Oktoban 2018, a wani gwanjo da kamfanin Sotheby's ya gudanar a birnin New York, an sayar da kwalba guda ta giyar inabi mai suna Romanée-Conti, wadda aka haɗa a 1945, a kan dala 558,000. Hukuncin barasa a wajen Musulmi sananne ne, tsadarta kuwa ba ta sauya shi. Sai dai sana'ar da ta kai kwalba ɗaya wannan farashi ta ƙunshi noma da ilimin sinadarai da ciniki mai yawan rufa-rufa, kuma duk mai bibiyar labaran Turai yakan ci karo da ita.

Shin kowace giyar inabi ce ke ƙara daraja idan ta daɗe?

A'a. Mafi yawan wadda ake sayarwa a kantunan duniya an yi ta ne don a sha cikin shekara biyu ko uku, idan kuwa aka ajiye ta shekara ashirin sai ƙanshinta ya gushe, ta zama salam, ko ta fara komawa ruwan tsami. Kaɗan ne ke jure daɗewa, kuma su ne waɗanda tun farko suke da bauri mai ƙarfi, ko tsami, ko zaƙi mai yawa. Cikinsu akwai jar giyar yankin Bordeaux na Faransa, da Barolo ta arewacin Italiya, da mai zaƙin nan ta Château d'Yquem, wadda kan kai shekara ɗari ba ta lalace ba. Ko waɗannan ma suna da lokacin ganiya, wanda da zarar ya wuce sai su fara ja da baya.

Mene ne yake faruwa a cikin kwalbar da aka rufe shekaru masu yawa?

Babban abin da ke sauyawa shi ne sinadarin tanin, wanda ke cikin ɓawon inabi da 'ya'yansa. Bahaushe ya san wannan sinadari ko da bai san sunansa ba, domin shi ne baurin da ke kama harshe idan aka tauna goro ko aka kurɓi shayin da ganyensa ya daɗe a wuta, shi ne kuma abin da majema ke nema a cikin bagaruwa idan za su jeme fata. Jar giya takan fi fara yawan tanin saboda ana barin ruwanta tare da ɓawon inabi a lokacin da yake ruɓa, ita kuwa fara ana matse ruwan a raba shi da ɓawon tun farko.

Sabuwar giyar Bordeaux mai inganci takan zo da bauri mai yawa har ta busar da baki. Da tafiya ta yi tafiya, ƙwayoyin tanin kan haɗu da na launi, wasunsu su yi nauyi su kwanta a gindin kwalba kamar laka, sai baurin ya lafa. Launi ma yana sauyawa, kuma ta hanyoyi biyu mabambanta: ja mai duhu takan koɗe ta koma launin jan bulo, fara kuwa takan ƙara duhu ta koma ruwan zinariya, daga baya ruwan zuma. Ƙanshin ɗanyen 'ya'yan itace yakan ja baya, sai masu ɗanɗano su riƙa ambaton ƙanshin busasshen ganye, da fata, da taba, da ƙasar da ruwan sama ya jiƙa.

Iskar oksijin ce ke bayan yawancin wannan sauyi. Tun a shekarun 1860 masanin kimiyyar nan na Faransa, Louis Pasteur, ya nuna cewa iskar da ke tsufar da giya ita ce kuma ke ɓata ta idan ta yi yawa. A ganina abin da ake kira tsufa a nan lalacewa ce da aka ɗaure wa linzami, ana barinta ta tafi a hankali yadda za ta daɗe a matakin da masu sha ke so kafin ta zarce.

To yaya ake riƙe wannan linzami?

Matakin farko shi ne gangar katakon oak. Ta Bordeaux tana cin lita 225, kuma manyan gidajen giya kan bar ruwan a ciki shekara ɗaya zuwa biyu, inda iska ke shiga kaɗan-kaɗan ta ƙofofin katako, katakon kuma yana ba da nasa ƙanshin. Daga nan sai kwalba, wadda ake toshe bakinta da ɓawon wani nau'in itacen oak da ƙasar Fotugal ke samar da kusan rabin na duniya. Ana ɓare ɓawon bishiyar sau ɗaya a shekara tara ba tare da an sare ta ba.

Ana kwantar da kwalaben ne a gicciye domin ruwan ya riƙa taɓa abin toshin, don idan ya bushe sai ya motse iska ta samu hanya. Wurin ajiya kuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne mai duhu da danshi, wanda sanyinsa ke tsayawa a wajen digiri 12 zuwa 13 duk shekara. Zafi shi ne babban abokin gaba, tunda yana hanzarta kowane sauyi. A 2010 masu ninƙaya sun tsamo kwalabe 168 na shamfen, wato giyar inabi mai kumfa, daga wani jirgin ruwa da ya nutse a tekun Baltic kusa da tsibiran Åland, kuma bayan kimanin shekara 170 a cikin duhu da sanyin ƙarƙashin teku aka tarar da yawa daga ciki ba su lalace ba.

Yaya ƙwararru ke ɗanɗana ta?

Mai ɗanɗano yakan zuba kaɗan a kofin gilashi mai doguwar ƙafa, ya riƙe shi ta ƙafar don kada ɗumin hannunsa ya taɓa ruwan, sannan ya karkata shi a kan farar takarda ya duba gefen ruwan, domin a nan ne launi ke fara tona shekaru. Sai ya jujjuya kofin don ƙanshi ya tashi, ya cusa hanci ya shaƙa. Aikin hanci ya fi na harshe yawa, shi ya sa mai mura ba ya iya wannan aiki. Idan ya ji warin jiƙaƙƙen kwali, to abin toshin ya gurɓata kwalbar, magana ta ƙare. In ba haka ba sai ya kurɓa, ya wurwura a baki yana zuƙo iska ta tsakanin haƙora, yana auna tsami da bauri da zaƙi da kuma tsawon lokacin da ɗanɗanon ke ɗauka kafin ya bar baki. Daga nan sai ya tofar a wani kwano, tunda wanda zai gwada kala hamsin kafin rana ta take ba zai iya haɗiyewa ba.

Ana iya dogara da hukuncin waɗannan ƙwararru?

Ana iyawa, amma da taka-tsantsan. A ranar 24 ga Mayun 1976 wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, Steven Spurrier, ya shirya gasa a Paris, inda alƙalai tara 'yan Faransa suka ɗanɗana giyar ƙasarsu da ta jihar Kaliforniya ta Amurka ba tare da ganin sunayen kwalaben ba. Da aka tattara maki, ta Kaliforniya ce ta zo ta ɗaya a ɓangarorin biyu: Stag's Leap Wine Cellars a ja, Chateau Montelena a fara, dukkansu na 1973. Ɗaya daga cikin alƙalan har ta nemi a mayar mata da takardar makinta.

Haka kuma a 2001 masu bincike a Bordeaux suka ba ɗalibai 54 masu nazarin giya farar giya da aka rina ja da wani launi marar wari, sai ɗaliban suka siffanta ƙanshinta da kalmomin da ake siffanta jar giya. Wannan bai nuna cewa ƙwarewar ƙarya ce ba, domin gwanaye kan gane irin inabi da yankin da aka noma shi a gwajin rufe suna fiye da yadda canki zai bayar. Abin da ya nuna shi ne ido da suna suna shiga gaban hanci, shi ya sa duk gasar da ta amsa sunanta take ɓoye kwalba.

Idan haka ne, me ke kai farashi dubban ɗaruruwan daloli?

Suna da ƙaranci sun fi ɗanɗano tasiri a nan. A 1855, bisa umarnin Sarki Napoleon na uku, dillalan Bordeaux suka jera manyan gonakin jar giya a matakai biyar gwargwadon farashin da suke samu a lokacin. Gidaje huɗu ne suka hau matakin farko, wato Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion, kuma sai a 1973 Mouton Rothschild ya shiga sahunsu. Har yau kasuwa na bin wannan jadawali. Ita kuwa gonar Romanée-Conti da ke yankin Burgundy ba ta kai kadada biyu ba, kwalba 600 kacal ta fitar a 1945, bayan nan aka tumɓuke tsofaffin itatuwan inabinta, ba a sake samun giyarta ba sai a 1952. Wanda ya sayi irin wannan kwalba sau da yawa ba niyyar buɗe ta yake yi ba, kadara ce ya ajiye.

Kayan da ake saye da tsada ba a buɗewa kuwa ya zama kasuwar 'yan jabu. Rudy Kurniawan, ɗan asalin Indonesiya da ke zaune a Kaliforniya a lokacin, ya shafe shekaru yana gauraya giya mai araha a gidansa, yana ɗurawa a tsofaffin kwalabe, yana manna musu takardun suna na bogi, attajirai suna saye suna yabawa. Asirinsa ya fara tonuwa a 2008, lokacin da aka kai gwanjo wasu kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot masu ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin wannan giya ba sai a 1982. Laurent Ponsot da kansa ya taso daga Faransa ya halarci gwanjon a New York, aka janye kwalaben. Jami'an FBI sun kama Kurniawan a 2012, a 2014 kuma kotu ta yanke masa ɗaurin shekara goma.