Wai me ake nufi da "Greatest Hits" ne?

Ƙanena ne ya turo min hoton wani faifai da ya gani a YouTube, hoton mawaƙiyar Amurka Aretha Franklin ne an rubuta 30 Greatest Hits a jiki, ya ce yaya wannan sunan kundin ne ko sunan waƙa? Na ce masa sunan kundin ne amma ba irin kundin da ka saba ba, kuma ba kai kaɗai ba ne, da yawa muna ganin kalmar nan a Spotify da Boomplay muna wucewa kawai.

Hit a bakin masu harkar waƙa ita ce waƙar da ta ci kasuwa, wadda ta yi tashe har ta shiga jerin waɗanda aka fi saya ko aka fi sawa a rediyo, a Amurka mujallar Billboard ce ke fitar da jerin duk sati. To greatest hits shi ne a bi tsofaffin faya-fayan mawaƙi a tsinto irin waɗannan a zuba su wuri ɗaya a sake sayarwa. Kamar dai ka je wajen mai tura waƙa a bakin kasuwa ka ce ya zuba maka na Shata amma waɗanda kowa ya sani, ba sai ya cika maka memori da duka ba. Ana yawan cewa mawaƙin Amurka Johnny Mathis ne ya fara fitar da kundi mai wannan suna a 1958, kuma ya yi sati 490 a jerin Billboard, wajen shekara tara da rabi kenan. Mu a nan wanda muka fi sani shi ne Legend na Bob Marley na 1984, mutane da yawa suna ɗauka kundi ne da ya zauna ya rera, alhali tsince-tsince ne da aka haɗa bayan rasuwarsa da shekara uku.

Amma fa inda gizo ke saƙar, kalmar ba ta nufin waƙoƙin da suka fi daɗi, kuma ba lallai ta ɗebo duk rayuwar mawaƙin ba, na Aretha ɗin nan ma shi ne misalin da ya fi fito da abin fili. Ita dai an haife ta a Memphis a 1942, ta tashi a Detroit inda babanta yake limamin coci, a nan ta koyi waƙa, dama soul, wato salon waƙar da aka san ta da shi, haka ta samo asali, waƙar coci ta baƙaƙen fatar Amurka ce ta fito waje ta haɗu da kiɗan duniya. A 1960 ta shiga kamfanin Columbia, ta yi shekara shida suna ta sa ta waƙoƙin jazz masu sanyi, muryar tana nan amma kasuwa shiru-shiru. Sai ta koma Atlantic, furodusa Jerry Wexler ya kai ta wani ɗan ƙaramin situdiyo a Muscle Shoals can jihar Alabama a farkon 1967, ya zaunar da ita gaban fiyano ya bar ta ta yi abin da ta iya, daga nan wuta ta kama, a shekarar ta fitar da Respect wadda asali ta mawaƙi Otis Redding ce amma yau in ka ce tasa ce sai a yi maka gardama. A 1980 kuma ta sake sheƙa zuwa Arista.

Kamfani uku kenan, kuma kowanne shi ke riƙe da asalin naɗin waƙoƙin da aka yi a ƙarƙashinsa, ba ita ba. Shi ya sa faifan da ƙanena ya gani, wanda Atlantic suka fitar a 1985, waƙoƙin 1967 zuwa 1974 ne zalla a ciki, Freeway of Love da take tashe a wannan shekarar ma ba ta ciki don ta Arista ce. Su ma Arista suka yi nasu daban na 1980 zuwa 1994. Wato in ka sayi ɗaya ka ji Aretha ɗaya, in ka sayi ɗayan ka ji wata, matar da ta yi sama da shekara sittin tana waƙa an yanka ta gida-gida. Sai bayan ta rasu a 2018 aka fitar da wani babban tari a 2021 mai waƙa 81 a faifai huɗu da ya ratsa kamfanonin gaba ɗaya tun daga waƙoƙin cocinta na 1956, irin wannan sai an zauna da lauyoyi kowane kamfani ya ba da izini an raba riba, shi ya sa ba kasafai ake yi ba.

Akwai wata dabara kuma, sukan jefa sabuwar waƙa ɗaya ko biyu a ciki don wanda yake da duk tsofaffin faya-fayan ya ga dole ya sake fidda kuɗi, waƙar da ba ta ma fita ba balle ta yi tashe amma ga ta cikin manya. Wasu mawaƙan kuma idan tsohon kamfani ya hana su naɗin asali sai su sake rerawa da muryar tsufa a buga suna iri ɗaya, ka saya ka ji kamar ba ita ba.

Ni abin da ya fi damuna da irin waɗannan kundaye shi ne abin da suke bari a baya. Amazing Grace da ta naɗa kai tsaye a wani coci a Los Angeles a 1972, kana jin mutane suna ihu suna tafi a bayanta, ya sayu fiye da miliyan biyu a Amurka, amma da yake waƙoƙin dogaye ne ba na rediyo ba da wuya ka sami yawancinsu a greatest hits. Na ce wa ƙanena ya fara da faifan da ya gani ɗin ba laifi, in ya gama ya nemo wannan ya sa abin kunne.