Zaɓen na'urar daidaita ƙarfin lantarki ga injin gwaji haɗin gida

Injin ba da wuta na teburin gwaji na'ura ce da ke karɓar wutar gida ta mai da ita wutar da ke gudana ta fuska ɗaya irin ta batir, wadda mai aiki zai iya ƙara ƙarfinta ko rage shi gwargwadon buƙata. Jigon wannan inji shi ne ƙaramin guntun da ke daidaita ƙarfin lantarki, kuma wanda masu haɗawa a gida suka fi amfani da shi shi ne LM317, wanda Robert Dobkin ya ƙera a kamfanin National Semiconductor na Amurka a shekarar 1976.

LM317 yana fitar da wuta daga bolt 1.25 zuwa bolt 37, kuma yana ɗaukar har amfiya 1.5 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne). Rezista biyu, wato ƙananan kayan da ke takaita gudanar wuta waɗanda ake auna su da om, su ne ke tsayar da ƙarfin da zai fita: tsayayye mai om 240, wanda wasu ke maye gurbinsa da mai om 120 domin wutar ta zauna daidai ko ba a jona komai ba, da kuma mai murɗawa, galibi mai om 5,000, wanda tare da mai om 240 yake kai wutar kusan bolt 27. Dole ne wutar da ke shiga ta ɗara wadda ke fita da kimanin bolt 3, amma kada ratar ta wuce bolt 40.

Abin da ya fi yanke hukunci a wannan zaɓe shi ne zafi, domin duk rarar wutar da guntun ya rage, zafi take komawa a jikinsa. Taransifoma mai bolt 24 tana ba da kusan bolt 32 bayan dayod huɗu, masu barin wuta ta bi fuska ɗaya kawai, da babban kafasita, mai tara wuta yana daidaita ta, sun gyara wutar. Idan aka saita injin a bolt 5 ana jan amfiya 1, to ratar bolt 27 sau amfiya 1, wato wat 27, ne ke zama zafi. Wannan nauyi ya fi ƙarfin ƙaramin farantin alminiyam da ake ɗaura wa guntun don janye zafi, kuma da zarar guntun ya ɗau zafi fiye da kima sai kariyar da ke cikinsa ta rage wutar. Sauya shi da LM350 mai amfiya 3 ko LM338 mai amfiya 5 ba ya kawar da matsalar, tunda lissafin zafin ɗaya ne. Mafita mafi inganci ita ce taransifoma mai fitar da ƙarfin wuta iri biyu, ta yadda za a shigar da ƙaramar wuta idan ƙarama ake so, tare da babban faranti da fanka. Ya kamata a sani cewa ƙarfen bayan LM317 haɗe yake da ƙafar fitar wuta, saboda haka sai an raba shi da farantin ta hanyar shimfiɗa marar wuce wuta.

Akwai kuma masu daidaitawa ta hanyar kunnawa da kashewa cikin sauri, irin su LM2596 da ke yin haka sau 150,000 a daƙiƙa. Ba sa zafi sosai, sai dai wutarsu tana ɗauke da ɗan gurɓata da ke damun gwajin rediyo da na'urorin sauti, shi ya sa wasu masu haɗawa ke sa irin wannan a gaba ya sauke wutar, sannan LM317 ya tace ta a ƙarshe.