Kafireto: sunan da ya faɗa bakin masu babur

Duk wanda ya taɓa tura babur da sassafe yana haɗa gumi ya san kalmar nan. A buga kik sau goma, injin ya yi tari ya yi shiru, sai wani daga gefe ya ce, "Malam, kafiretonka ne ya kafe." A yi dariya, har da mai turin.

Kafireto, wasu su ce kafireta, sunan na'urar da ke haɗa mai da iska ne a inji, kalma ce da aka aro daga "carburetor" na Turanci. Harshen Bahaushe ya mayar da "b" ɗinta "f", da haka kuma ta tsinci kanta cikin dangin da ba nata ba. Akwai kafe, wato tirjewa da taurin kai. Akwai ƙafe, irin na rijiya da rani. To, babur yakan yi duka biyun a lokaci guda: mai ya ƙafe a ƙoƙon kafireto, injin ya kafe a tsakiyar hanya. Shi ya sa za ka ji bakanike yana tsokanar mai babur, "Oga, naka kafewa ya yi ko ƙafewa?" Wasa ne, amma tambayar gaske ce, domin gyaran biyun ba ɗaya ba ne. Akwai kuma masu jan sunan zuwa "kafiri", irin yadda ake cewa abu yana da kafirin taurin kai. Ni dai na fi son a tsaya a kan biyun farko, saboda wannan kalma tana da nauyi, ba kowane kunne ke ɗaukarta da wasa ba.

Mene ne aikinsa? Inji ba ya ƙona fetur zalla, sai an gauraya shi da iska, kusan awo 14.7 na iska ga awo 1 na mai idan aka auna nauyi. Kafireto ne ke wannan haɗi, ba da lantarki ba, ba da kwamfuta ba. Iska tana bi ta wani maƙogwaro mai matsatsen tsakiya, ta ƙara gudu a wurin, gudun kuma ya zuƙo mai daga ƙoƙon da ke ƙasa ta wasu ƴan ramuka da ake kira jet. Ana kiran maƙogwaron da sunan Venturi, masanin Italiya da ya yi nazarin wannan hali na ruwa da iska. A cikin ƙoƙon akwai wani abu mai yawo a saman mai. Idan ƙoƙon ya cika sai abin ya ɗago ya danna wata allura ta toshe hanyar mai. Dabarar tsohuwa ce, tun 1893 Wilhelm Maybach na Jamus ya fito da irin mai feshin nan, kuma kamfanonin Japan kamar Keihin da Mikuni sun yi shekaru suna ƙera wa babura.

A nan nake ganin ana ɗora wa kafireto laifin da ba nasa ba. Ramin jet na silo, wato mai ba inji mai idan yana aiki a hankali, allurar ɗinki ma da ƙyar take shiga, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Daga ina yashin ya fito? Daga tsatsar tanki, ko matatar iska da aka manta da ita, ko man da ya sha ruwa. A ajiye babur wata da watanni da mai a ciki, man ya bushe ya bar danƙo. Allurar ƙoƙon nan ta maƙale, mai ya riƙa tsiyaya ƙasa, sai a ce babur yana fitsarin kwance. Fulogi kuwa shi ne mai tona asiri: idan ya yi baƙi ƙirin, mai ya fi iska yawa, idan ya yi fari fat, man ne ya yi kaɗan, injin kuma yana zafi fiye da kima.

Yanzu injekta, wato na'urar da ke fesa mai da lantarki, na ƙwace wa kafireto wuri. Dokokin rage hayaƙi ne sila: tun da Indiya ta fara aiki da ƙa'idar BS6 a watan Afrilun 2020, yawancin sababbin baburan da ake sayarwa a can da injekta suke fitowa. Ba cok ɗin da ake ja don tayar da inji da sanyi, ba ƙoƙon da za a kwance a wanke a hura da baki. Idan ya ƙi tashi, na'ura ake jona masa ta karanto matsalar, kuma har yau ban ji wanda ya samo wa "injekta" wata kalmar Hausa da za a tsokane shi da ita ba.