Halin zuciya da tallafin 'yan'uwa kafin tiyatar rage ƙiba

Tiyatar rage ƙiba aiki ne da likitocin fiɗa ke yi a kan tumbi, wani lokaci har da ƙaramin hanji, domin rage yawan abincin da mutum zai iya ci da kuma sauya yadda jiki ke sarrafa shi. Lokacin da ke tsakanin ranar da likita ya fara kawo maganar aikin da ranar shiga ɗakin tiyata yakan kai makonni ko watanni, kuma a cikinsa ne mai jiran aiki ya fi fama da tsoro, kunya, ɗoki da kokwanto. Tallafin 'yan'uwa a nan yana nufin taimakon da mutum ke samu daga waɗanda aka riga aka yi wa aikin, ko waɗanda su ma suke jira, ba lallai sai dangi na jini ba. Cibiyoyin da suka ƙware a wannan fanni suna ɗaukar shirin zuciya a matsayin wani ɓangare na magani, kamar gwajin jini da awon bugun zuciya.

Aikin da ake jira

Ana auna ƙiba da ma'aunin BMI: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya 30 a matsayin inda ƙiba ta fara zama cuta. Mace mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 100 ma'auninta ya kai 39. A 1991 Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Ƙasa na Amurka suka tsayar da cewa a yi aikin ga mai ma'auni 40 zuwa sama, ko 35 idan akwai wata cuta kamar ciwon suga ko hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta zuwa 35 kai tsaye, ko 30 ga mai ciwon suga da makamantansa.

Ayyuka biyu ne suka fi yawa. A na farko, wanda ake kira silib, ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba. Sashen da aka cire shi ne yake samar da mafi yawan sinadarin girelin mai tayar da yunwa. A na biyu, baifas, ana ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi kai tsaye da hanji. Likita Edward Mason na jami'ar Iowa ne ya fara shi a shekarun 1960, kuma tun 1994 ake yinsa ta ƙananan huji da kyamara ba tare da an farka ciki ba. Haɗarin mutuwa a ƙwararrun cibiyoyi bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ya yi kusa da na cire matsarmama. Sai dai silib ba ya komawa baya. Abin da aka yanke ya tafi, kuma wannan sanin kaɗai yana hana mutane da yawa barci.

Abin da ke cikin zuciya

Tsoron mutuwa shi ne na fili, kuma a bakin mutane ya fi fitowa a matsayin tsoron allurar barci: a kwantar da mutum ya ƙi tashi. Uwa mai ƙananan yara tana lissafin wa zai riƙe su. Magidanci yana tunanin bashin da ya ci domin biyan kuɗin aikin. Wasu har wasiyya suke rubutawa a ɓoye.

Akwai kuma kunya, wadda ta fi tsoro daɗewa a zuciya. Yawancin masu zuwa tiyata sun shafe shekaru suna gwada shayin rage tumbi, ruwan lemon tsami da sassafe, barin cin tuwon dare, tattaki da asuba, su ragu kaɗan su sake komawa. Mutum yakan ɗauki tiyata a matsayin shaidar cewa ya gaza. A ilmance ba haka ba ne, domin jikin da ya rama yana ƙara yunwa ya kuma rage ƙona abinci har sai ya maido da abin da ya rasa. Amma jin wannan bayani sau ɗaya a ofishin likita ba ya goge gorin shekara ashirin.

Wani yanayin da ba a cika faɗa ba shi ne baƙin cikin rabuwa da abinci. Wanda ya saba huce ɓacin rai da gurasa da tsire, ko da lemon kwalba mai sanyi, ya san wannan mafakar za ta rushe. Shi ya sa wasu ke shiga cin bankwana, su bi duk abin da suke marmari a makonnin ƙarshe. Likitoci suna hanawa, domin kitse yana kumbura hanta, hanta kuwa tana kwance ne a kan tumbi inda za a yi aikin. Saboda haka ma ake sa mutum ya yi kusan mako biyu yana shan abinci mai ruwa-ruwa marar maiƙo da sitaci kafin ranar. A waɗannan kwanaki ciwon kai, kasala da saurin fushi kan yi yawa, kuma nan ne wasu suke cewa sun fasa.

Ɗoki ma yana da nasa haɗarin. Mai tsammanin cewa da zarar ya rama aurensa zai gyaru, ko manema za su yi layi, ko ciwon damuwa zai gushe, ya ɗora wa aikin kayan da ba nasa ba. Zuwan alluran rage ƙiba irin su Ozempic da Wegovy ya ƙara wani kokwanton: a yi tiyata, ko a jira a gwada allura duk da tsadarta.

Yadda abin yake a Kano

A birnin Kano ƙiba ba ta da fassara ɗaya. An daɗe ana kallon cikar jiki a matsayin alamar hutu da wadata. Amaryar da ta yi ɓulɓul bayan wata uku ana yaba mijinta, har akwai masu shan ƙwayoyin ƙara jiki da ake kira sha-ka-fashe. A lokaci guda kuma mai ƙiba sosai yana shan tsokana a majalisa da gidan biki, mai adaidaita sahu ya ce sai ta biya kuɗin mutum biyu, tela ya ce yadin bai isa ba.

Rama kuwa, musamman ta gaggawa, ba a karanta ta da alheri. Mutumin da ya zubar da kilo 30 cikin wata shida za a fara raɗe-raɗi: ko ciwon suga ne, ko ƙanjamau, ko sammu, ko kishiya ce ta sa ta a gaba, ko miji ne ya daina cefane. Mai shirin tiyata ya san wannan tun kafin a taɓa shi, don haka tsoronsa biyu ne, na aikin da na abin da za a ce bayan aikin ya yi nasara. Wannan shi ne babban abin da ya bambanta halin mai jiran tiyata a Kano da wanda littattafan likitanci na ƙasashen Turai ke siffantawa. Tambayar wa za a gaya wa takan fi tambayar wane irin aiki za a yi wahala. Mata da yawa suna tsayawa a kan miji da uwa kaɗai, sauran dangi a ce musu aikin ciki ne.

Ga matar aure, yardar miji ba maganar sa hannu a takarda kaɗai ba ce. Wani mijin yana son jikin matarsa yadda yake, wani yana tsoron abin da danginta za su ce idan aka samu matsala. Uwa kuma kan ce, "Ke da lafiyarki ƙalau za ki kai kanki a yanka ki?" Batun haihuwa ma yana shigowa, domin ana so mace ta jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18 bayan aikin, abin da ba kowane gida ke karɓa cikin sauƙi ba, ko da yake rage ƙiba kan taimaka wa wasu matan da haihuwa ta yi musu wuya.

Addini yana tsakiyar shawarar. Mutane suna tambayar malamai ko aikin ya shiga cikin sauya halittar Allah, kuma abin da malamai da dama suka tafi a kai shi ne bambanta neman magani saboda lalura da neman ado kawai. Istihara, sadaka da roƙon addu'ar iyaye na daga cikin abin da ke kwantar da hankali. Azumin Ramadan shi ma yana shiga lissafin ranar aiki: sabon tumbin ba ya ɗaukar ruwa da yawa a lokaci guda, sai dai kurɓi-kurɓi duk yini, ga zafin Kano, don haka likitoci kan hana azumi a watannin farko. Rangwamen marar lafiya sananne ne a shari'a, amma wanda bai taɓa shan azumi ba yakan ji nauyin hakan ƙwarai.

Sai kuma nisa. Masu hali da dama suna zuwa Abuja, Legas, Masar, Indiya ko Turkiyya a yi musu aikin, su dawo gida cikin kwanaki kaɗan, likitan da ya yi aikin yana can wata uwa duniya.

Ganawa da likitan ƙwaƙwalwa

Kafin tiyata ana so mutum ya gana da masanin halayyar ɗan'adam ko likitan ƙwaƙwalwa. Ana duba ciwon damuwa, cin abinci na fitar hankali, shaye-shaye, tunanin kashe kai, da kuma ko mutum ya fahimci cewa zai sha magungunan bitamin iya rayuwarsa. Ciwon damuwa ba ya hana aikin idan ana kula da shi. Dalilin binciken shi ne bayan baifas jiki kan sauya yadda yake tsotsar wasu magunguna, kuma an lura haɗarin faɗawa shaye-shaye da cutar da kai yana ɗan ƙaruwa a wasu mutane. A Kano wannan mataki yana da nasa cikas, domin da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai tunani ya tafi Dawanau, inda asibitin masu taɓin hankali yake, mutum ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ganawar ba ta wuce hira da amsa tambayoyi ba.

Tallafin waɗanda suka riga suka bi hanyar

Tsarin masu matsala iri ɗaya su taru su taimaki juna ya shahara ne da ƙungiyar masu barin shan giya da aka kafa a Amurka a 1935, sannan a 1960 aka kafa irinta ta masu fama da yawan ci. Asibitoci da dama yanzu suna haɗa masu jiran tiyata da waɗanda aka yi wa, kuma bincike ya nuna masu halartar irin wannan zama bayan aiki sun fi raguwa, ko da yake mai yiwuwa ne masu himma ne tun asali suka fi zuwa.

A Kano abin ya fi tafiya ta hanyar sanayya: wata ta san wata da aka yi wa a Alƙahira, a karɓo lambarta, ko a shigar da mutum zauren WhatsApp. Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a nan haka abin yake. Tambayoyin da ake yi wa irin wannan 'yar'uwa ba a yi wa likita: "Anti, don Allah gashin ya zube sosai?" "Yaya kika yi da fatar da ta saki?" "Me kika ce wa uwar mijinki?" Ita ce za ta faɗi dabarar zama a gidan suna an cika faranti da shinkafa ba tare da an ɓata wa mai gida rai ba, da yadda ake tsinka kunun gyaɗa ko farfesun kifi a makonnin farko, da cewa nadamar kwanakin farko tana zuwa wa mutane da yawa kuma takan wuce. Maza sun fi ƙarancin samun wannan, domin majalisa wurin raha ce, ba a cika buɗe ciki a cikinta ba.

Tallafin yana da iyaka. Wadda aikinta ya yi kyau takan manta wahalar, wadda ta samu matsala kuma takan firgita kowa. Hotunan kafin aiki da na bayan aiki suna sa gasa, alhali jiki ya bambanta. A wasu zaurukan akwai dillalan asibitocin waje da ke shiga da sunan marasa lafiya domin kamasho. Mafi haɗari shi ne shawarar magani: ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saya a kowane kemis, suna iya jawo gyambo a sabon tumbi, musamman bayan baifas. Zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, aman da ya ƙi tsayawa ko ciwon ciki mai tsanani bayan aiki na iya zama alamar ɗinki ya yi yoyo, kuma wannan na asibiti ne nan take. Saboda haka ake so zaman tallafi ya kasance da ma'aikaciyar jinya ko masanin abinci a ciki, sannan duk mai shirin fita waje ya samu likita a Kano da zai ci gaba da duba shi tun kafin ya yanki tikitin jirgi.