Me Ake Nufi da "Karawar Rami-Rami" a Gasar Golf ta Ƙungiyoyi?

Wanda ya saba da sakamakon ƙwallon ƙafa, in aka ce masa an tashi "3 da 2" a wasan golf, zai ɗauka wani ya ci uku, wani ya ci biyu. Ba haka lissafin yake ba. Abin nufi shi ne wanda ya yi nasara ya ba abokin karawarsa ratar rami uku alhali rami biyu kaɗai suka rage, don haka ko na bayan ya cinye sauran ba zai kamo shi ba. Nan take sai a yi musabaha, a tattara sanduna, a bar ramukan nan biyu ba a buga ba. Wannan salo shi 'yan golf ke kira mac-file (match play). Ni dai na fi son in ce karawar rami-rami, domin sunan ya faɗi abin da ake yi.

Hanya biyu ake bi wajen ƙirga golf. Wadda aka fi gani a talabijin ita ce ta tara bugu: kowa ya zagaya ramuka 18, a haɗa duk bugun da ya yi, mai mafi ƙaranci shi ne gwani. A karawar rami-rami kuwa ba ruwan kowa da jimilla. Kowane rami faɗa ne mai zaman kansa. Wanda ya jefa ƙwallonsa a rami da bugu mafi ƙaranci ya ci ramin, in an yi daidai an yi canjaras, sai a wuce na gaba da sabon lissafi. A ce wani ya buga 4, 4 da 10 a ramuka uku na farko, abokin karawarsa ya buga 5, 5 da 4. Da tarawa ake yi, na farkon yana da 18, na biyun 14, an bar shi a baya da bugu huɗu. A wannan salo kuwa na farkon ne a gaba da rami ɗaya, domin ya ci biyu an ci shi ɗaya. Ɓarnar da ya yi a rami na uku ta tsaya a rami na uku, ba ta bi shi gaba ba.

Wannan ne ya sa nake ganin babu salon da ya dace da masu buga golf don sha'awa kamar wannan. Wanda golf ba sana'arsa ba ce, da wuya ya gama zagaye bai kwafsa a rami ɗaya ko biyu ba, ƙwallo ta faɗa ruwa ko ta maƙale a yashi. In ana tara bugu, wannan kwafsawar ta gama da shi tun da hantsi, sauran yinin yawo ne kawai. A nan kuwa rami ɗaya ya rasa, ko da bugu ɗaya aka fi shi ko da shida. Salon kuma shi ne na asali. Lokacin da 'yan wasan Leith a Sukotland suka rubuta dokokin golf na farko guda 13 a 1744, da ramuka ake ƙirga nasara.

Maki ma da harshensa na daban. Ana cewa wane yana sama da 2, ko yana ƙasa da 1, ko kuma ana kunnen doki. In an kai rami na 18 kafin a rabu, sai a ce ya ci da 1 ko da 2 a sama. In an rabu tun kafin nan, sai a kawo lambobi biyu irin na farkon bayanin nan. A 2006 Tiger Woods ya doke Stephen Ames da 9 da 8, wato a rami na 10 wasan ya ƙare. Tsofaffin 'yan wasa suna da kalmar domi, wadda ke nufin ratarka ta yi daidai da yawan ramukan da suka rage, kamar mai sama da 3 saura rami 3. Littafin dokoki ya daina amfani da ita tun gyaran 2019, amma har yau tana bakin mutane.

Hukumomi biyu ke riƙe da dokokin golf a duniya, R&A da ke St Andrews a Sukotland da USGA ta Amurka, kuma hukuncin da suka tanadar wa wannan salo ya bambanta. Laifin da zai jawo ƙarin bugu biyu a wasan tarawa, a nan asarar ramin gaba ɗaya yake jawowa. Wanda ya makara da bai wuce minti biyar ba ya rasa ramin farko, in ya wuce haka an fitar da shi. Wanda aka samu da sanda fiye da 14 a jaka, za a zaftare masa rami ɗaya kan kowane ramin da ya buga da su, iyaka biyu a zagaye. Wasu laifuffukan kuma ba su da hukunci sai abin da abokin karawa ya zaɓa. Ƙa'ida ita ce wanda ƙwallonsa ta fi nisa da rami shi zai fara bugawa. In ka yi riga-malam-masallaci, abokin karawarka yana da ikon ya soke bugun nan take ya ce ka sake, ko ya ƙyale. In bugun ya yi kyau zai soke, in ya lalace zai yi shiru, kuma duka biyun haƙƙinsa ne. Haka ma in ka fara rami daga wajen iyakar wurin bugun farko.

Inda salon ya fi nuna halin mutum shi ne wajen yafiya. Kana iya yafe wa abokin karawarka bugunsa na gaba, ka ce ya ɗauki ƙwallonsa an ƙirga ta shiga. Kana iya sallama masa rami, kana iya sallama masa wasan dungurungum. Da zarar maganar ta fita ba a janye ta, shi ma ba shi da ikon ya ce bai karɓa ba. Shahararriyar yafiya ita ce ta gasar Kofin Ryder ta 1969 tsakanin ƙungiyar Amurka da ta Birtaniya, a Royal Birkdale da ke Ingila. A ramin ƙarshe na wasan ƙarshe, Jack Nicklaus na Amurka ya yafe wa Tony Jacklin na Birtaniya ɗan gajeren bugun da ya rage masa, gasar ta tashi 16 da 16. Kishiyar wannan ta faru a Kofin Solheim na mata a Jamus a 2015. Alison Lee ta Amurka ta ɗauki ƙwallonta a rami na 17 tana zaton an yafe mata, Suzann Pettersen ta ɓangaren Turai ta ce ba wanda ya yafe, aka ba Turai ramin. Abin ya tunzura Amurkawa, suka taso daga baya, Turai na da 10 su 6, suka cinye kofin da 14½ da 13½. Dokar yau ta ce yafiya sai an bayyana ta ƙarara, da baki ko da alamar da ba ta da shubuha. Shawarata ga duk mai shiga gasa ita ce, in bai ji da kunnensa ba ya tambaya kafin hannunsa ya taɓa ƙwallo.

Akwai masu mayar da yafiya dabara, su yi ta yafe gajerun bugu a farkon wasa, sai an zo rami na 16 su yi gum, mutum ya tsinci kansa gaban bugun da bai gwada irinsa ba duk yinin. Doka ba ta hana ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Abin da doka ta hana shi ne mutum biyu su haɗa baki su jingine wata ƙa'ida da suka san tana aiki. Kai kaɗai kana iya kau da kai daga laifin abokin karawarka, amma in kuka yi yarjejeniya a kai, dukanku za a kora.

To, ina ƙungiya ta shigo? Ana jera wasanni da yawa tsakanin ɓangarori biyu, kowane wasa maki ɗaya ne, canjaras kuma rabi-rabi. Tsari uku aka fi amfani da su. Na ɗaya da ɗaya ba ya buƙatar bayani. Na biyu shi ne fobol, wato ƙwallo huɗu: mutum biyu da mutum biyu, kowa da ƙwallonsa, a kowane rami a ɗauki sakamakon wanda ya fi kyau a kowane ɓangare. Yana da daɗi ga sababbin shiga domin in ka ɓata, abokinka zai rufa maka asiri, kuma yana ba da damar ɗaya ya buga a tsanake, ɗayan ya yi kasada.

Na ukun shi ne fosom, bugun karɓa-karɓa, kuma shi ne mai wuyar sha'ani. Mutum biyu ƙwallo ɗaya. Ɗaya ya buga, ɗayan ya karɓa daga inda ta faɗi, haka har ta shiga. Ɗaya ke fara ramuka masu lambar mara, 1, 3, 5, ɗayan masu lambar cika, ko da wa ya jefa ƙwallo a ramin baya. Bugun hukunci ba ya sauya jeri, kuma in aka yi kuskuren jeri an rasa ramin. Nauyin da ke cikinsa na zuciya ne: duk kuskurenka wani ne zai girbe shi. Ka tura ƙwallo cikin ƙaya, abokinka ne zai shiga ya fito da ita, kana tsaye kana kallo. Shi ya sa kyaftin mai hankali ba ya duba ƙwarewa kaɗai wajen haɗa mutane. Yana duba wa ke jure wa, wa ke da dogon bugu, wa ya iya na kusa da rami, sannan ya duba taswirar filin ya ga ramukan da suka fi buƙatar kowanne kafin ya raba mara da cika.

Madubin gasar 'yan sha'awa shi ne Kofin Walker, wanda aka fara a 1922 tsakanin maza na Amurka da na Birtaniya da Ailan. An sa masa sunan George Herbert Walker, shugaban USGA a 1920, kakan tsohon shugaban Amurka George H. W. Bush. Kowane ɓangare mutum 10, kwana biyu. Ranar farko karɓa-karɓa 4 da ɗaya-da-ɗaya 8, rana ta biyu karɓa-karɓa 4 da ɗaya-da-ɗaya 10. Maki 26 ke nan, mai son cin kofi sai ya samu 13½, mai riƙe da shi kuwa 13 ta ishe shi ya ci gaba da riƙewa. Na mata shi ne Kofin Curtis, tun 1932, mutum 8 kowane ɓangare, kwana uku, maki 20, kuma shi ya haɗa tsarin nan uku duka. A 2024 a Sunningdale, Birtaniya da Ailan suka ci da 10½ da 9½. Duba wannan sakamako da kyau: da wasa ɗaya tak da suka ci ya koma canjaras, da an tashi 10 da 10, Amurka ta koma gida da kofin tunda ita ke riƙe da shi. Wanda ke ƙasa da 1 a rami na 18 ya daure ya ƙwato rabin maki, aikin da ya yi wa ƙungiyarsa ba ƙarami ba ne.

Waɗancan gwanaye ne, ba a yi wa kowa rangwame. A gasar kulob-kulob kuwa, inda ƙarfi ya bambanta, ana amfani da handikaf, wato rangwamen bugu gwargwadon matakin ɗan wasa. Tsarin bai-ɗaya na duniya da ya fara aiki a 2020 ya ba da shawarar yadda za a raba. A ɗaya da ɗaya ana ba da bambancin gaba ɗaya: mai 8 da mai 14, na biyun zai samu bugu 6, ɗaya-ɗaya a ramukan da katin fili ya jera bisa wahala daga 1 zuwa 6. A ƙwallo huɗu mai mafi ƙarancin handikaf ya koma sifili, sauran su karɓi kashi 90 cikin 100 na bambanci daga kansa. A karɓa-karɓa kuwa a haɗa na mutum biyun kowane ɓangare, a ba da rabin bambancin. Masu jimillar 20 da masu 30, bugu 5 ke tsakaninsu.

Sauran abubuwan kwamitin gasa ne ke yanke su, kuma wajibi ne a rubuta kafin a buga ƙwallon farko. Yaushe kyaftin zai miƙa jerin 'yan wasansa, kuma a ɓoye ko a fili? Dole ne a jera su bisa handikaf, ko yana da 'yancin ya tura gwaninsa farko ko ƙarshe? In ɗan wasa bai zo ba fa? Wa ke da izinin ba da shawara? A ƙa'ida ɗan wasa ba ya karɓar shawara sai daga mai riƙe masa jaka da abokin da suke ɓangare ɗaya a wasan da ake bugawa. Ɗan ƙungiyarsu da ke wani wasan daban ba ya ciki, kyaftin ma sai in kwamiti ya ba da dama a naɗa mai ba da shawara. Sai babbar tambaya, in maki ya zo daidai. Wasu gasanni suna barin kofi hannun mai riƙe da shi, wasu suna fitar da mutum ɗaya daga kowane ɓangare a ci gaba rami bayan rami har wani ya ci.

In kuma saɓani ya taso a fili babu alƙali kusa, 'yan wasan biyu suna iya daidaitawa a tsakaninsu, hukuncin ya zauna, matuƙar ba da gangan suka take doka ba. In sun kasa, mai ƙorafi ya shaida wa abokin karawarsa cewa zai nemi hukuncin kwamiti, kuma ya faɗi haka kafin ɗayansu ya yi bugun farko a rami na gaba. In a ramin ƙarshe ne, kafin a tabbatar da sakamako. Wanda ya san abin da ya faru ya yi shiru har aka wuce wannan gaɓa, kwamiti ba zai saurare shi ba, ramin ya zauna yadda aka buga shi.