Hyeonnae: gundumar bakin teku inda kwalta ke ƙarewa a Koriya ta Kudu

Wanda ya kama babbar hanya mai lamba 7 a gabashin Koriya ta Kudu ya yi ta tafiya arewa, teku na hannun damansa, duwatsu na hagunsa, zai kai wurin da sojoji za su tare shi. Wannan wuri yana cikin gundumar Hyeonnae. Ga amsoshin tambayoyin da mai karatu zai so ya yi game da ita.

A ina take?

Tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Goseong a lardin Gangwon, kuma ita ce gunduma ta ƙarshe ta bakin tekun gabas kafin iyaka da Koriya ta Arewa. Daga yamma tsaunukan Taebaek sun matso ta, daga gabas kuma ruwa ne, wanda Koriyawa ke kira Tekun Gabas, Japanawa kuma ke kira Tekun Japan. Saboda haka filin noma siriri ne, ƙauyuka sun jeru a bakin gaɓa da cikin kwazazzabai. A kudancinta akwai tafkin Hwajinpo, wanda ta raba da maƙwabciyarta Geojin.

Me ake nufi da "myeon" da "ri"?

Cikakken sunanta Hyeonnae-myeon. "Myeon" gundumar karkara ce, "eup" kuma gari ne da ya fi ta yawan jama'a. Goseong tana da eup biyu, Ganseong da Geojin, sauran kuma myeon ne. Kowace myeon an kasa ta zuwa "ri", wato ƙauye. Shugaban myeon ma'aikacin gwamnati ne da ake naɗawa, ba sarauta ba ce ta gado.

Me ya sa ake jin ƙauyukan doka da ƙauyukan mulki? Ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne labarin yake da daɗin bi. Ƙauyen doka, wanda suke kira "beopjeong-ri", shi ne sunan da ke rubuce a takardun fili da rajistar ƙasa. Yawancin waɗannan iyakoki sun samo asali ne daga garambawul ɗin da Japan ta yi a 1914 lokacin da take mulkin mallakar Koriya, kuma da wuya a taɓa su. Ƙauyen mulki kuwa, "haengjeong-ri", yana bin mutane ne: inda jama'a suka yawaita sai a raba ƙauye ɗaya gida biyu ko fiye, a sa musu lamba, kamar Daejin 1-ri da Daejin 2-ri. Kowane ɗaya yana da "ijang", wanda aikinsa ya yi kama da na mai unguwa. Shi ne yake sanar da mutane taro ta lasifikar ƙauye, yake kai kokensu ofishin gunduma, yake sanin wace tsohuwa ce ke zaune ita kaɗai.

A yawancin gundumomin Koriya wannan bambanci lamarin ofis ne kawai. A Hyeonnae kuwa tabon Yaƙin Koriya ne, domin akwai ƙauyukan da sunansu yake nan daram a takarda amma ba su da mai unguwa, tunda ba su da mazauna.

Waɗanne ƙauyuka ne aka fi sani?

Daejin shi ne cibiya, a nan ofishin gunduma yake, da tashar jiragen kamun kifi da hasumiyar fitilar teku. Akwai Chodo kusa da tafki, da Jukjeong inda gidan hutun shugaban ƙasa na farko, Syngman Rhee, yake. Gaba kuma sai Machajin, sannan Myeongpa, wanda aka sani da ƙauye mafi arewa a gaɓar gabas da farar hula ke zaune a cikinsa. Bayan Myeongpa sai shingen sojoji. Jejin da Myeongho suna can ciki.

Yaya aka yi wasu suka zama kufai?

Bayan an kori Japan a 1945 aka raba ƙasar gida biyu, Kudu da Arewa, a kan layin taswira na digiri 38, kuma Goseong gaba ɗaya ta faɗa ɓangaren Arewa. Da aka tsagaita wuta a 1953, sabon layin ya ratsa ta tsakiyarta, shi ya sa har yau ake da Goseong a Kudu da kuma Kosong a Arewa. An ware zirin ƙasa mai faɗin kilomita 4 tsakanin rundunonin biyu, sannan a kudu da shi aka ja wani layin da farar hula ba sa ƙetarewa sai da izini. Gonaki da makabartun kakanni suka koma bayan waya mai ƙaya. Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne tsofaffin da suka tsero daga Arewa suka zauna a wannan gaɓa don su kasance kusa da gida, suna zaton watanni kaɗan za su yi.

Da me mutane ke rayuwa?

Kamun kifi ne kan gaba, sai noman shinkafa da karɓar baƙi. Akwai wurin kamun kifi da ake kira Jeodo, dab da iyakar ruwa, wanda ake buɗe wa masunta daga Afrilu zuwa Disamba, kuma ba sa shiga sai jiragen tsaron teku na gadinsu. Babbar dabbar teku mai hannaye takwas, wato "octopus", ita ce abin da aka fi nema a can.

An taɓa samun ƴan shekarun walwala. Daga 2003 motocin masu yawon buɗe ido suka riƙa ratsa gundumar zuwa Dutsen Geumgang da ke Arewa, masu gidajen abinci da shagunan busasshen kifi na bakin hanya suka samu ciniki. A Yulin 2008 wani sojan Arewa ya harbe wata mata daga cikin masu ziyarar, aka dakatar da tafiyar, kuma ba a sake buɗe ta ba. Tashar jirgin ƙasa ta Jejin ma haka: jirgin gwaji ya iso ta daga Arewa a Mayun 2007, amma zirga-zirgar fasinja ba ta biyo baya ba.

Baƙo zai iya zuwa?

Zai iya. Sai ya tsaya a Machajin ya cike takarda, a yi masa bayanin ƙa'idoji, sannan ya wuce shingen Jejin a mota zuwa dandalin hangen da aka buɗe a 1984. Daga can, idan sama ta yi garau, ana ganin tsibiran duwatsun Haegeumgang da ke Arewa, da kwalta da layin dogo kwance gefe da gefe ba kowa a kansu, waɗanda a da suke shiga Arewa kafin ta tarwatsa nata ɓangaren a 2024.